Wane Gilashin Kyamara Ya Dace da Mai Ɗaukar Hoton Tsuntsaye da Namun Daji?

Duk wanda ya taɓa nufar tsuntsu da gilashin da aka saba haɗowa da kyamara, wato mai zangon milimita 18 zuwa 55, ya san takaicin da ke biyo baya, domin shahon da ido ke gani ɓaro-ɓaro a kan reshe sai ya koma ɗan ɗigo baƙi a tsakiyar hoto. Dabbar daji ba ta yarda a matso kusa da ita, saboda haka gilashi ne ke cike tazarar da ƙafa ta kasa cikewa. Sai dai kowane ƙarin zango yana zuwa da ƙarin nauyi, ko ragin haske, ko tsada, kuma zaɓin da ke gaban mai saye shi ne wanne daga cikin ukun nan zai iya jurewa.

Lambobi biyu ake rubutawa a jikin gilashi. Ta farko ita ce zango, wanda ake aunawa da milimita, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon yadda abin da ke nesa zai cika hoto. Ta biyu ita ce mai harafin f, wadda ke nuna faɗin ƙofar haske, kuma a nan lissafin a juye yake: f/4 ta fi f/5.6 shigar da haske ninki biyu, f/5.6 kuma ta fi f/8 ninki biyu. Akwai abu na uku da ba a rubuta a jikin gilashi ba, shi ne girman sensar kyamara, wato ɓangaren cikinta da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto. Kyamarorin Nikon da Sony da Fujifilm masu ƙaramar sensa ta APS-C suna matse hoto da ninki 1.5, na Canon da ninki 1.6, na tsarin Micro Four Thirds kuwa da ninki 2. Ke nan gilashi mai milimita 400 a kan ƙaramar Canon yana ba da faɗin hoto irin na milimita 640 a kan babbar sensa, wanda hakan riba ce ga mai neman tsuntsu.

Mafi sauƙin kuɗi da nauyi shi ne gilashi mai zangon 70 zuwa 300. Ya isa ga giwa da barewa da sauran manyan dabbobi idan ana kallonsu daga mota, amma ga ƙananan tsuntsaye ya yi kaɗan, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fara da shi ba su daɗewa suke neman wani.

Na biye da shi shi ne mai 100 zuwa 400, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da mafi yawan masu sha'awa, musamman a kan ƙaramar sensa. Na Canon RF, wato na kyamarorinta marasa madubi, mai f/5.6 zuwa f/8 bai kai gram 700 ba, har mutum zai iya rataya shi a wuya ya yini yana tafiya. Wani alherinsa da ba a cika ambata ba shi ne yana iya saita abu na kusa, ta yadda idan malam-buɗe-littafi ya sauka a kan fure gaban mai ɗauka, ba sai ya ja da baya ba. Aibinsa shi ne ƙarancin haske a ƙarshen zango, wanda ke bayyana da asuba da almuru, lokutan da dabbobi suka fi fitowa.

Wanda tsuntsaye ne gaba da komai a wurinsa, da wuya ya kauce wa ajin da ke kaiwa milimita 500 ko 600. A nan ne ake samun Sigma da Tamron masu 150 zuwa 600, da Nikon mai 200 zuwa 500 wanda ya fito a 2015, da Sony mai 200 zuwa 600 na 2019. Dukansu suna wajen kilo biyu ne, na Nikon ma ya ɗan haura. A rubuce kilo biyu ba wani abu ba ne, amma idan mutum ya ɗaga shi daidai ido yana jiran zalɓe ya tashi daga bakin ruwa, kafin minti biyu hannun hagu zai fara rawa, kuma sau da yawa daidai lokacin da aka sauke hannu ne tsuntsun ke buɗe fiffike. Don haka duk mai niyyar sayen irin wannan ya sa kuɗin sandar dogara mai ƙafa ɗaya ko mai ƙafa uku a cikin lissafinsa. Akwai kuma bambanci a ƙira: na Sigma da Tamron da Nikon suna miƙewa waje idan an juya zum, wato zoben ƙara zango ko rage shi, nauyin ya rinjaya gaba, na Sony kuwa tsawonsa ba ya canzawa, abin da ke rage shigar ƙura ya kuma sa riƙonsa ya fi daidaita. Na Nikon yana riƙe f/5.6 daga farko har ƙarshe, sauran kuwa suna sauka zuwa f/6.3, bambancin da bai kai a sauya shawara saboda shi ba.

Gilashi mai zango ɗaya tak, wanda ba ya zum, yawanci ya fi kaifin hoto da saurin saiti. Irin su 600 mai f/4 na ƙwararru ne, nauyinsu wajen kilo uku, tsadarsu kuma ta wuce abin da mai sha'awa zai yi tunani. Amma a 2020 Canon ta fito da RF 600 da RF 800 masu f/11, na farkon bai kai kilo ɗaya ba. Suna da daɗin ɗauka, sai dai f/11 kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na hasken f/5.6, saboda haka aikinsu na rana tsaka ne da buɗaɗɗen fili, ba na ƙarƙashin inuwar kurmi ba. Kuma idan dabba ta matso kusa ba zato, mai irin wannan gilashi sai ya tsira da hoton kunne ko wutsiya.

Masu talla suna yawan yabon na'urar hana rawar hoto da ke cikin gilashi, kuma lallai tana da amfani, amma rawar hannu kaɗai take gyarawa. Tsuntsun da ke tashi yana buƙatar ƙiftawar kyamara ta kai saurin kashi ɗaya cikin 1000 ko 2000 na daƙiƙa, wannan kuwa haske ne ke ba da shi. Haka nan majonin ƙara zango da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi: mai ninki 1.4 yana cinye rabin haske, mai ninki 2 yana cinye kashi uku cikin huɗu, don haka ba na ba da shawarar ɗora shi a kan gilashin da dama f/6.3 yake. A ranar zafi ma, tururin da ke tashi daga ƙasa yana dagula hoton abin da ke nesa komai tsadar gilashi.

Kafin a biya kuɗi, a tabbatar bakin gilashin ya dace da na kyamara, domin na tsoffin kyamarori masu madubi ba ya hawa sababbin marasa madubi sai da majoni. Idan na hannu ne za a saya, a cire murafunsa biyu a haska tocila ta ciki: 'yar ƙura ba ta da illa, amma zare-zare fari mai kama da yanar gizo-gizo funfuna ce, wadda ke yaɗuwa har ta ci rufin gilashin. A juya zum daga farko zuwa ƙarshe a ji ko yana cijewa, sannan a ɗauki hoton rubutu daga nesa a ƙarshen zango da ƙofar haske a buɗe, a duba ko gefen dama da na hagu sun fito da kaifi ɗaya.