Kiret ɗin roba mai huji wajen ɗaukar fiya da mangwaro: amfaninsa da inda ya gaza

Mafi yawan fiyar da ake sayarwa a Sabon Gari da Tudun Wada ba a Zariya aka nome ta ba. Daga Filato take zuwa ta hanyar Saminaka da Pambeguwa, ko daga Kudancin Kaduna, wata ma tun daga tsaunin Mambila. Har gobe a buhu ake loda mafi yawanta. Buhun kan yi kyau a ido ranar da aka sauke shi, amma bayan kwana uku ko huɗu, idan fiyar ta fara nuna aka yanka, sai a tarar naman ya yi baƙi a gefen da aka danne. Fiya ɗanya tana ɓoye rauni, sai ta yi laushi yake fitowa, lokacin kuwa kayan suna hannun mai tebur, shi zai kwashi asarar.

Wannan matsala ce kiret ɗin roba ya zo ya magance, kuma a ganinmu ya magance ta, muddin an yi aiki da shi yadda ya kamata.

Wanda muke magana a kai shi ne irin da aka fi sani wajen ɗaukar tumatir: tsawonsa santimita 60, faɗinsa 40, yana cin kilo 20 zuwa 25, da huji a gefuna huɗu da ƙasa, da wurin zura hannu a ɓangare biyu. Babban abin da ya bambanta shi da kwando da buhu shi ne inda nauyi yake sauka. Idan aka ɗora buhu kan buhu, fiyar ƙasa ce ke ɗauke da duk na sama. Idan aka ɗora kiret kan kiret, nauyin yana bi ta kusurwoyi da baki ya sauka a dandamalin mota, 'ya'yan da ke ciki ba su ɗauki komai ba sai 'yan uwansu na sahu biyu ko uku. Kwandon kaba kuma, ban da zurfinsa, tsinkayensa suna karce fata, ta wannan karcen ƙwayoyin cutar da ke kawo ruɓa kan shiga. Cikin kiret mai kyau sumul yake.

Hujin ma ba ado ba ne. Fiya da mangwaro suna numfashi bayan an cire su, suna fitar da zafi da wata iska da ke hanzarta nunarsu. A buhun leda wannan zafi ba ya fita, shi ya sa na tsakiya kan nuna su luguiguice tun na gefe suna da tauri. A watan Maris da Afrilu, lokacin da mangwaro ya cika kasuwa kuma zafin Zariya ke haura digiri 35, bambancin yana fitowa a rana ɗaya.

Sai dai ba kowane kiret ne na saye ba. Akwai wanda aka yi da sabuwar roba, akwai wanda aka narka tsofaffin robobi aka zuba. Na biyun ya fi araha, launinsa a dushe, wani lokaci da ɗigo-ɗigo a jiki, kuma rana da hunturu suna busar da shi ya riƙa tsagewa daga wurin riƙo. Kafin ka biya, kife shi ka taka tsakiya da ƙafa ɗaya: mai kyau zai ɗan lotsa ya dawo, marar kyau zai yi ƙara ko ya yi fari a wurin. Shafa hannu a ciki ka ji ko akwai kaifi a bakin huji. Sannan ɗora biyu ka gani ko ƙafar na sama ta zauna daram a bakin na ƙasa. Kar ka haɗa na kamfani biyu a lodi ɗaya, domin bambancin santimita ɗaya ya isa na sama ya zame ya faɗa kan kaya. Ka nemi irin da idan aka juya shi gaba ya koma baya yake shigewa cikin ɗan uwansa in babu kaya, don yana rage wurin da fanko ke ci da rabi ko fiye. Wannan shi ne abin da zai cece ka a hanyar dawowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika shi ya yi tozo kamar mudu. Duk wanda ya yi haka ya mayar da kiret buhu, domin na sama zai zauna ne kan 'ya'yan, ba kan baki ba. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin sahun ƙarshe da baki. Fiya babba sahu biyu ya ishe ta, ƙanana uku. A shimfiɗa takarda marar rubutu ko kwali mai huji a ƙasa, kar a toshe hujin gefe. Ɗanyen ganye da ake sa wa kwando ba shi da wuri a nan, ruɓa yake yi ya ƙara zafi.

Kuma kiret daga gindin bishiya ya kamata ya fara aiki. Fiyar da aka kaɗo da gora ta bugi ƙasa ta riga ta lalace, ko a kwalin zinare aka sa ta. A cire da almakashin yankan reshe ko gora mai 'yar jaka a kai, a bar ɗan guntun hanci kamar rabin santimita. Idan aka fizge hancin gaba ɗaya, ruɓa ta nan take farawa. Idan aka bar shi dogo, zai soki na kusa. Fiya ba ta nuna a kan bishiya, don haka abin dubawa shi ne ko ta ƙosa: ƙyallin fatar ya ragu, kuma idan aka fasa guda, bawon da ke lulluɓe da ƙwallon ya zama ruwan ƙasa siriri. Wadda ba ta ƙosa ba yanƙwanewa take yi, ta yi kamar roba. Shi kuwa mangwaro, a cire shi da hanci dogo, a kai inuwa, a karya hancin a kife shi kamar rabin awa danƙon ya tsiyaye, domin danƙon nan yana ƙona fata ya bar zane baƙi. A yi tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, a ware manya da ƙanana, a cire mai rauni tun a gona. Guda ɗaya da ta fara nuna tana iya jan sauran kiret ɗin.

Wajen lodi, lissafin mai sauƙi ne. Motar da bodinta ya kai mita 4 a tsawo da kusan mita 2 a faɗi tana ɗaukar kiret 30 a sahu ɗaya, uku a faɗi, goma a tsawo. Sahu biyar ya zama 150, kusan tan 3 idan kowane na da kilo 20. A matse su kar su yi wasa, a ɗaure na sama da igiya, a ɗaga tamfol kaɗan don iska ta ratsa, a yi tafiyar dare in da hali. Direba zai ce maka buhu ya fi cin kaya a mota, kuma gaskiya ya faɗa. Kuɗin mota a kan kowane kilo yana ƙaruwa. Abin da za ka auna shi ne kilo nawa ya iso da lafiya.

Wanki ba ya cikin abin da mutane suka ɗauka da muhimmanci, alhali kiret mai datti yana kwasar cuta daga wannan lodi ya kai wa na gaba. A goge da omo da buroshi, a ɗauraye, sannan a tsoma a ruwan bilic: cokalin cin abinci 6 na bilic mai ƙarfin kashi 3.5 a ruwa lita 20, a bar shi minti biyu, a shanya a inuwa. Kar a jibge fanko a rana tsawon watanni.

Inda kiret ya gaza shi ne dawowa. Kwando ana sayar da shi tare da kaya a manta. Kiret kuwa jari ne, sai ya yi sawu da yawa kafin ya biya kuɗinsa, ga shi kowa na son sa: mai shago, mai wanki, har mai kiwon kaji. Wanda ke kai kaya Kano ko Kaduna, inda mota ke dawowa a rana ɗaya, ba shi da babbar matsala. Wanda ke aikawa kasuwar Mile 12 a Legas sai ya sami amintaccen dillali da zai tara masa, ya kuma biya kuɗin dawo da fanko. A rubuta suna da fenti a gefe biyu, a ƙirga wajen lodi da wajen sauke, a karɓi kuɗin ajiya daga duk wanda zai tafi da shi, a mayar masa idan ya dawo da shi. Masu ƙaramin ƙarfi gara su haɗu a ƙungiya su saya tare, ko su yi haya.

Ita kuwa fiyar Turawa da ake shigowa da ita daga Afirka ta Kudu, irin su Packham, a bar ta a katan ɗinta mai kilo 12.5 da ledarta, a wuri mai sanyi sosai. Fatarta ba ta son gogayya, juye ta cikin kiret zai bar mata zane. Fiyarmu ta gida akasin haka take: idan aka sa ɗanya a firji mai tsananin sanyi, naman yakan yi toka-toka ya ƙi nuna, don haka ɗaki mai iska da inuwa ya fi mata.