Keken Hawan Dutse: Wanda Ya Cancanci Kuɗinka da Wanda Zai Kashe Ka da Gyara

Duk lokacin da masu kekuna suka fito jerin gwano a wani bikin gari, sai sha'awar sayen keke ta motsa wa jama'a. Ga fenti yana ƙyalli, ga tutoci, ga manyan tayoyi. To amma fareti tafiya ce ta sannu a kan kwalta, ko wane irin keke zai kai ka. Wanda ya ƙudurta bin mahaya zuwa kan dutse, inda za a daɗe ana hawa sannan a gangaro ta cikin tsakuwa da saiwoyi, shi ne ke da aikin zaɓe a gabansa.

Ni dai nawa zaɓin a fili yake: keke mai firam na alminiyam, mai shokozoba a gaba kaɗai. Irin wannan yakan kai kilo 12 zuwa 14, kuma da yake bayansa a sandare yake, duk ƙarfin da ka zuba a feda yana tafiya kai tsaye zuwa taya. A wurin hawa za ka ga amfanin haka. Shokozoba mai lotsawar milimita 100 zuwa 130 ta wadatar. Taya kuwa inci 29 ta fi haye duwatsu cikin sauƙi, sai dai gajeren mutum zai fi sakewa da 27.5. A giya, nemi mai faranti ɗaya a gaba da 11 ko 12 a baya. Kamfanin kayan keke na SRAM ne ya fito da tsarin 12 ɗin a 2016, kamfanin Shimano ma yana da shi a jerin kayansa na Deore, babban farantinsa na baya haƙora 51. Ranar da hanya ta miƙe tsaye, numfashinka ya fara sarƙewa, wannan farantin ne zai hana ka sauka ka tura. Ga shi kuma ba shi da yawan gaɓoɓin da ke lalacewa, duk mai gyaran da ya san aikinsa zai iya da shi.

Mai shokozoba gaba da baya ya fi daɗi a gangara, ba musu, amma na kirki tsada, gyaransa ma tsada. Mai batir yakan haura kilo 20, in caji ya ƙare a tsakiyar dawa sai ka san ka sayi kaya. Mara shokozoba kwata-kwata, a bar wa 'yan fareti.

Birki shi ne abin da nake fara dubawa kafin komai. Ya zama na faifai mai aiki da mai, faifan gaba aƙalla milimita 180. Na waya yana gajiyar da yatsu a doguwar gangara. An taɓa sayar mini da takalman birki a cikin kwali mai tambarin babban kamfani, tsaf da shi. Muna tsakiyar gangara na fara jin ƙauri, na matse birki sai ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe. Da na tsaya da ƙyar na cire, sai ga ɓangaren da ke kama faifan ya ɓalle daga ƙarfensa, ya yi baƙi ƙirin. Tun daga ranar ba na sayen kayan birki sai wurin dillalin da kamfani ya amince da shi.

Jabu ya cika wannan harka fiye da yadda ake zato. Mafi yawa shi ne keken nan mai ƙaton sifirin a tsakiya, kyan ɗan maciji ke nan: nauyi kamar me, sifirin ɗin yana ta tsalle ba abin da ke riƙe shi, sai giyar baya guda ɗaya mai sunan Shimano da aka liƙa don a ja ido, sauran kayan ba suna. Danna kan keken ƙasa ka saki. Shokozoba ta gaske a hankali take dawowa, ta bogi kuwa da ƙara take bugowa sama. Sarƙa ma ana yin jabunta sosai; duba rubutun da ke jikin ƙwayoyinta, in ya fito a dagule ko bai daidaita ba, ajiye. Firam na kabon (wani sinadari mara nauyi da ake yin firam da shi maimakon ƙarfe) mai araha da ake tallatawa a intanet da sunan manyan kamfanoni, kada ka kusance shi, domin kabon ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, karyewa yake yi farat ɗaya. Hular kwano kuma leƙa cikinta ka nemi shaidar gwajin inganci ta EN 1078 (ta Turai) ko CPSC (ta Amurka), ko da yake 'yan damfara har wannan takardar suna bugawa, shi ya sa wurin saye ya fi tambari muhimmanci.

In na hannu za ka saya, kifa keken ka duba lambarsa a ƙasan firam, tsakanin fedoji biyu. In an goge ta ko an shafe da sabon fenti, mai yiwuwa na sata ne, juya ka tafi. Bi layin walda da yatsa, musamman a wuyan keken, ka nemi tsaga. Kuma kada ka biya sai mai shi ya yarda ka hau, ka canza giya ɗaya bayan ɗaya, ka matse birki da ƙarfi a kan gangara.