Gadon ƙasa ko leda: wanne ya fi fitar da dashe gajere mai kauri?

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kin yafa tumatir da attarugu a gindin katanga, sun fito dogaye sirara kamar tsinken tsintsiya, ga su suna ta kwanciya, kina tambaya ko ki koma reno a leda ko ki ci gaba da gadon ƙasa. Na yi duka biyun a tsakar gida, ga abin da na gani.

Gado shi ne abin da manoman rani na Kadawa da Kura a jihar Kano suke yi, kuma yana yi musu. Saiwa tana sakewa, laima tana daɗewa, ba a kashe ko sisi. Sai dai su a fili suke, rana na dukan gadon tun hantsi har la'asar. Gadon cikin gida kuwa katanga ce ke raba shi da rana, kuma ba ya ɗaukuwa balle ki matsar da shi. Tsiron da bai samu haske ba miƙewa yake yi yana nemansa, wannan tsawon da kika gani ke nan. Tumatir na son aƙalla awa 6 na rana. Ga kuma nauyin hannu wajen yafi: iri ya fito cunkus, kowanne yana rige-rigen ya wuce ɗan'uwansa. Wasu ma sukan manta da ciyawar da suka rufe gadon da ita, alhali ranar da tsiro ya leƙo ya kamata a yaye ta. In gado za ki yi, ja layi-layi da tazarar kamar santimita 10, zurfi kada ya wuce santimita 1, sannan ki daure ki rage su.

Leda kuwa, ko ta fiya wata ko gwangwanin madara, babbar fa'idarta ita ce ki ɗauke ta ki bi rana da ita. Ki huda gindinta, ki zuba ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, ki sa ƙwaya biyu, in sun fito ki yanke mai raunin. Kowanne da ɗakinsa, babu gasa, kuma ranar dashe saiwa ba ta tsinkewa. Aibinta shi ne saurin bushewa, musamman da hunturu. Daga nan ne mutum ke zarcewa da ban ruwa har gindin tsiron ya ruɓe ya faɗi. Ki taɓa ƙasar da yatsa, in da danshi ki bari sai gobe.

A ganina, in abin da kike so bai wuce gindi 50 ba, leda ta fi miki. Gado sai mai neman ɗaruruwa kuma yana da fili.

Ko wanne kika zaɓa, kada ki sa musu takin yuriya suna ƙanana, tsawo da laushi kawai za ta ƙara musu. Tsinke kan tsiro don ya yi rassa yana yi wa ɗoɗɗoya sosai, attarugu ma yana karɓa in ya yi ganye kamar shida zuwa takwas. Tumatir kam ki bar masa kansa, ki nemi irin da gajere ne tun asali, kamar UC82B ko Roma.

Waɗanda suka riga suka yi tsawo, tumatirin bai lalace ba. Ki binne karan har kusa da ganyen farko, zai fitar da saiwa a jikinsa. Attarugu ba ya yin haka sosai, gara ki sake shuka. Tumatir ya isa dashe a wajen mako 4, attarugu sai ya kai 6 zuwa 8.

Sai kaji da ƙadangaru, su suka cinye mini renon farko tas. Tsohon gidan sauro ya ishe su, amma ki ɗaga shi da sanduna kada ya kwanta a kan ganyen.