Glee: da raini na fara, kashi guda ya sa ni kuka

Da raini na fara kallon Glee, shirin talabijin na Amurka mai dogon zango, ba zan ɓoye ba. Ƙanwata ce ta matsa min har na je wajen mai turi ya zuba min zango shidan a filash, kashi 121 cif. Da na ga 'yan sakandare suna tsaka da magana sai su ɓarke da waƙa, na ce mata ai wannan mun saba gani tun a finafinan Indiya, me za a nuna mana? Ta ce, "Yaya, kai dai ka daure ka ɗan yi nisa."

Labarin ba wani mai wuya ba ne. Makarantar William McKinley ce a garin Lima na jihar Ohio, malamin Sifaniyanci Will Schuester ya farfaɗo da ƙungiyar waƙa ya sa mata suna New Directions. Waɗanda suka fara shiga duk yaran da ba a kula su ne: Artie a keken guragu, Mercedes mai jiki da muryar da ke tsaga ɗaki, Rachel wadda Allah ya ba baiwa ya haɗa mata da rawar kai. 'Yan ƙwallo su tare su a baranda su watsa musu lemon ƙanƙara a fuska, su wuce suna dariya. Duk wanda ya taɓa zama ɗan aji ɗaya a makarantar kwana, siniyoyi na wasa da shi, ba sai an fassara masa wannan ba. Ina ganin abin da ya riƙe mutane tun 2009 ke nan. Yaron da aka wulaƙanta da safe, da yamma ya hau dandali ya buɗe baki kowa ya yi tsit.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne kashi na uku na zango na biyar. Ban san Cory Monteith, wanda ya fito a Finn, ɗan ƙwallon da ya shiga ƙungiyar waƙar, ya rasu da gaske ba. Ƙanwata ba ta faɗa min ba, kuma har yau ina jin haushinta. Ya rasu a otal a Vancouver ranar 13 ga Yuli 2013, yana da shekara 31, sanadin ƙwaya da giya. Kawai na kunna na ga yaran sanye da baƙaƙen kaya, an ce Finn ya mutu, ba a ma faɗi abin da ya kashe shi ba. Na tsayar na duba intanet, jikina ya yi sanyi.

Wurin mahaifiyar Finn ne ya karya ni. Tana zaune a ɗakinsa ita da mijinta da Kurt, ɗan mijin nata, suna ware kayansa, wannan a ajiye, wannan a bayar. Sai ta fara bayanin yadda take farkawa da safe ta manta na ɗan lokaci, sannan abin ya dawo mata sabo. Wallahi haka gwaggona ta riƙa faɗa bayan rasuwar ɗanta, kusan kalma da kalma. Santana kuwa, mai baƙar magana wadda ba ta taɓa raga wa Finn ba, ta tsaya rera masa waƙa, ba ta kai ƙarshe ba ta fashe da ihu ta fice. Rachel sai can wajen ƙarshe ta shigo, kuma Lea Michele da ta fito a Rachel ita ce budurwar Cory a zahiri, don haka wannan kukan ba na kyamara ba ne. Ga kuma rigar Finn ta 'yan ƙwallo da ta ɓata, ana ta zargin juna, ashe malam Will ne ya ɗauke, shi da bai zubar da hawaye ko sau ɗaya gaban yaran ba. Ya kai gida ya rungume rigar ya sheƙe da kuka. Ni ma a nan na kasa riƙewa, ƙato da ni. Daga baya na gano Naya Rivera, wato Santana, ta nutse a tafkin Piru na Kalifoniya a 2020, kuma ranar 13 ga Yuli aka gano gawarta. Tun da na san haka ban iya sake kallon wurin waƙarta ba.

To amma kada kukan ya sa na yi muku ƙarya, shirin ya sha ba ni haushi. Marubutan ba sa tuna abin da suka rubuta makon jiya. Yau Sue Sylvester, malamar da ke adawa da ƙungiyar waƙar, ta yi nadama har ka tausaya mata, gobe ta dawo da muguntarta kamar ba ita ba. Matar Will ta yi ta yawo da cikin ƙarya wata da watanni, mijin da suke gida ɗaya bai gane ba, haba! Daga zango na huɗu kuma aka raba labarin biyu, rabi Ohio rabi New York, aka kawo sababbin yara kwafin na da, ka fara sabawa da su a watsar da su. Wasu waƙoƙin ma inji ya gyara muryar har ta zama kamar ba mutum ba.

Kuma don Allah kada sunan sakandare ya ruɗe ku ku kunna wa yara a falo. Tun zango na ɗaya ɗaliba ta yi ciki ta liƙa wa wanda ba nasa ba, ga sumbace-sumbace da wasu al'amuran soyayya da tarbiyyarmu ba ta ɗauka ba. Rimot bai bar hannuna ba.

In za ku tura, ku tsaya a zango na uku inda suka ci gasar ƙasa a Chicago, ku tsallaka zuwa kashin Finn. Zango na shida kashi 13 ne kacal, da ƙyar na ƙarasa shi.