Faifai ko Intanet ga Masu Tara Finafinan da Ba Su Yi Suna Ba

Masu tara finafinan da ƙarfinsu yake cikin shiru, duhu da tafiyar hawainiya suna da hanya biyu. Ta farko ita ce faifan Blu-ray, irin wanda kamfanin Criterion na Amurka, da aka kafa a 1984, yake fitarwa bayan an gyara hoto da sauti. Yana da tsada, amma a ganina ya cancanci kuɗinsa, domin inuwa da duhu suna fitowa tsaf, kuma faifan mallakar mai shi ne. Ta biyu ita ce kallo ta intanet a MUBI, wani dandalin nuna finafinai. Wannan ya fi araha, sai dai matse hoton da ake yi don rage nauyinsa a intanet yakan dagula wuraren duhu, kuma fim yakan ɓace da zarar yarjejeniyar nuna shi ta ƙare.