Yini Guda a Harpers Ferry: Sharhi kan Yawon Tsohon Gari da Gandunsa

A watan Oktoba na sayi takardar shiga gandun tarihi na Harpers Ferry da ke jihar West Virginia a Amurka, na ajiye mota a filin da ke wajen gari, sannan na shiga safar da ke sauke baƙi a tsohuwar unguwa. Tsarin ya gamsar da ni, domin titunan ƙasan garin matsattsu ne, kuma wanda ya dage sai ya shiga da motarsa zai ɓata safiyarsa wajen neman inda zai tsaya. Garin ƙarami ne ƙwarai, mazaunansa ba su kai 300 ba, amma yana zaune ne daidai inda kogin Shenandoah ya haɗu da kogin Potomac, kuma daga bakin mahaɗar mutum yana hango tsaunukan jihohin Maryland da Virginia a lokaci guda.

Ginin da kowa ke fara nema shi ne wanda ake kira Ganuwar John Brown, da sunan wani ɗan gwagwarmayar kawar da bauta. Na zata zan ga katafaren gida, sai na tarar da ɗan ɗakin bulo na ajiye kayan kashe gobara. A daren 16 ga Oktoba 1859 Brown da mutanensa 21 suka afka wa ma'ajiyar makamai ta gwamnatin tarayya da ke garin, da nufin tayar da bayi su ƙwaci kansu, kuma a cikin wannan ɗaki suka fake har sojojin ruwa ƙarƙashin hafsan sojan Amurka Robert E. Lee suka fasa ƙofar ranar 18 ga watan. An rataye Brown a garin Charles Town ranar 2 ga Disamba na shekarar. Da na tsaya a ciki na dubi kusancin bangayen, sai na gane irin ƙuncin da suka kwana a ciki, abin da karatu bai taɓa nuna mini ba. Gidajen da ke kewaye an mayar da su ɗakunan nune-nune, kuma bayanin da ke cikinsu a tsare yake, ba ya ɓoye cewa mutumin farko da ya rasa ransa a harin baƙar fata ne mai 'yanci, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa.

Yawancin waɗanda muka sauka tare a nan suka tsaya, suka zaga shaguna suka koma. A ganina sun yi asarar rabin tafiyar, domin abin da ya fi ratsa ni yana saman tudu. Ana hawa ta matakalar da aka sassaƙa a jikin dutse, a wuce cocin St. Peter da aka gina a 1833, a isa Dutsen Jefferson, inda Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya tsaya a 1783 ya ce ganin wurin ya cancanci a ƙetare tekun Atlantika dominsa. Gaba kaɗan kuma akwai harabar tsohuwar Kwalejin Storer, wadda aka buɗe a 1867 domin ilimantar da waɗanda suka fita daga bauta, ta yi aiki har 1955. A nan ne masani W.E.B. Du Bois da 'yan Ƙungiyar Niagara, masu fafutukar 'yancin baƙar fata, suka yi taro a watan Agusta 1906. A lokacin ɗakin Brown ba ya mazauninsa na asali, domin an taɓa kwance shi an kai shi Chicago, daga baya aka dawo da shi wata gona a bayan gari. Mahalarta taron suka taka zuwa gonar da sassafe, suka tuɓe takalmansu kafin su ƙarasa gare shi. Harabar shiru take, baƙi kaɗan ne ke hawowa, kuma na daɗe zaune a can ina tunanin shekara takwas kacal da ke tsakanin harin da buɗe makarantar.

Da rana na ƙetare Potomac ta gadar ƙafa da ke manne da ta jirgin ƙasa. Wannan gada wani yanki ne na Hanyar Appalachian, wato doguwar hanyar tafiya a ƙafa wadda ta tashi daga Georgia zuwa Maine, tsawon kusan kilomita 3,500, don haka na yi ta cin karo da matafiya ɗauke da manyan jakunkuna. A ƙetaren akwai hanyar gefen tsohuwar haƙaƙƙiyar hanyar ruwa mai suna Chesapeake da Ohio, shimfiɗaɗɗiya mai inuwa, wadda ta dace da yara da dattawa da masu keke. Ni kuwa na hau tsaunin Maryland Heights, zuwa da dawowa kimanin awa uku, kuma daga bakin dutsen garin gaba ɗaya yana ƙarƙashin ƙafar mutum, da rufin gidajensa da kogunan biyu.

Sai dai wurin yana neman ƙafa da numfashi. Matakalar dutsen ta sha taku har ta yi santsi, hawan tsaunin kuma ba na mai ciwon gwiwa ba ne, sannan a ƙarshen mako na kaka cunkoso yana yawa a ƙasan gari. Wanda zai je ya sa takalmi mai riƙe ƙasa, ya ɗauki ruwa, ya isa da wuri, ya kuma duba lokacin safar ƙarshe kafin ya fara hawan tsauni.