Kwas ɗin shirin jarrabawar PL-300: malami nagari, amma sun saɓa mini alkawari

Abu guda ne ya sa na biya kuɗin wannan kwas, kuma a kan abin nan ne suka ba ni kunya. Ni da Excel na saba haɗa rahoton wata-wata a ofishinmu, sai na ƙudurta zana PL-300, jarrabawar Microsoft ta masu nazarin bayanai da Power BI. Manhajar Power BI Desktop kyauta ce, na sauke a kwamfutata tun tuni. Inda gizo ke saƙar shi ne ɓangaren da ke intanet, wurin da ake ɗora rahoto a raba wa jama'a, domin ba ya karɓar adireshin Gmail ko Yahoo, sai imel na ma'aikata ko na makaranta, mu kuwa ba mu da shi. Tallan cibiyar ya ce duk wanda ya biya za a buɗe masa asusu ya yi ta gwaji har ranar jarrabawarsa. Ban tsaya neman ragi ba, na tura kuɗi.

Maganar Allah, malamin ya iya koyarwa. Na fi shekara ina jin tsoron DAX, wato yaren rubuta lissafi a Power BI, musamman umarninsa na CALCULATE, amma a zama ɗaya ya warware mini. Ya ce mu ɗauka kowane adadi da ke cikin rahoto ta rariya ya biyo kafin a auna shi, aikin CALCULATE kuwa shi ne canza rariyar. Tun ranar ban sake ruɗewa ba. Haka ya zauna da mu kan tsarin tauraro, teburin ciniki a tsakiya, na kwanan wata da na kaya da na masu saye a kewaye, har na koma na rushe tulin teburan da na cusa wuri ɗaya na sake gini. A makon nan na farko na kira abokai biyu na ce su zo su yi rajista.

Saura kwana 12 jarrabawa, bayan sallar isha'i, na shiga don in maimaita darasin tsaron bayanai, sai wurin aikin (workspace) da na gina a ɓangaren intanet ya ƙi buɗuwa, wai ana neman lasisi. Na fita na sake shiga, na kashe kwamfuta na kunna, shiru. Na rubuta a zaurenmu na WhatsApp, mai kula da zauren ya ce, "Yallaɓai a yi haƙuri, ana dubawa." Washegari ana dubawa, jibi ana dubawa. Sai a kwana na huɗu wani ɗan ajinmu ya gano cewa asusun gwaji ne na kwana 60 aka buɗe mana, kuma wa'adinsa ne ya cika. Da na kira ofishinsu, sai aka ce mini idan ina son a sabunta sai na ƙara kuɗi. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Da tun farko sun ce kwana 60 ne, da na tsara karatuna na fara da wannan ɓangaren, ko na matso da ranar jarrabawar. Sun san ranar da kowannenmu zai zana, don su suka karɓi sunayenmu da ranakun.

Wanda bai san jarrabawar ba zai ce ai ga Desktop nan. To, akwai abubuwan da ba sa yiwuwa a cikinsa. Za ka iya rubuta dokar da ta ce manajan Kano bayanan Kano kaɗai zai gani, amma sanya mutane a ƙarƙashin dokar sai a intanet. Haka tsara lokacin da bayanai za su riƙa sabunta kansu, da ba wa abokan aiki matsayi a wurin aiki, wane mai gyara ne wane mai kallo ne kawai. Ɓangare guda ne cur daga cikin ɓangarori huɗu na jarrabawar, kuma shi na bari sai ƙarshe don na amince da maganarsu.

Da zuciya ta ɗau zafi sai na tuna da tarin tambayoyin gwajin da suka ba mu, wanda na kau da kai a kansa da farko. Wasu shafukan har yanzu DA-100 ne a rubuce a samansu, jarrabawar da PL-300 ta gada tun 2022. Na yi magana a lokacin aka ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, domin da na yi gwajin kyauta na shafin Microsoft Learn na ga tambayoyin da ko kamarsu babu a nasu.

Wani amini da ke aiki a jami'a ne ya rufa mini asiri, ya bar ni na zauna gefensa yamma uku muna bi tare a asusunsa. Na zana a cibiyar jarrabawa, ban yarda na yi a gida ba saboda wuta da sabis. Ana neman maki 700 cikin 1000, alhamdu lillahi na haye, amma da ƙyar, kuma a takardar sakamakon ɓangaren nan ne ya fi kowanne ƙasa.

Malamin na yafe masa, na ma aika masa saƙon godiya, don ba shi ke riƙe da asusu ba. Cibiyar kuwa na rubuta musu sau biyu ina neman su mayar mini da wani abu daga kuɗina, har yau ba amsa. Abokan nan biyu da na jawo su ne suka fi damuna, ɗaya wa'adin asusunsa zai cika a makon gobe, kuma jarrabawarsa sai wata mai zuwa.